Labarin saƙar hoto da yaran ƙauyen Harraniya



Ka san masaƙi. Ko babu shi a garinku, ka taɓa ganin sa zaune ƙarƙashin rumfa, ƙafafunsa bisa mataki, ƙoshiya tana kai da kawowa, kunkuru yana matsowa sannu-sannu da dutsensa. Abin da ke fitowa daga hannunsa siriri ne, faɗinsa kamar tafin hannu. Sai an jera da yawa an ɗinke kafin a samu gwado ko luru.

Yau labarin wata saƙa dabam zan ba ka. Ita ba a ɗaura ta, ba a lulluɓa da ita. A bango ake rataya ta. In ka dube ta, hoto za ka gani: mutane, shanu, dabino, tsuntsaye, kogi da jiragen ruwa. Babu fenti a jikinta, babu aikin allura irin na wuyan riga. Hoton da ƙyallen tare ake saƙa su. In ka warware hoton, ƙyallen ma ya tafi. Faransawa suna ce mata tapisri. Mu kira ta saƙar hoto.

Ga yadda ake yin ta. Masaƙar tana tsaye, kamar irin wadda mata ke saƙa da ita a wasu garuruwan ƙasar Hausa. Ana jan zaren tsaye tamau daga itacen sama zuwa na ƙasa. Masaƙinmu yana jefa ƙoshiya daga wannan baki har wancan baki. Mai saƙar hoto ba ya yin haka. In yana son jan tsuntsu cikin ganye, sai ya ɗauki jan zare ya bi da shi tsakanin zaren tsaye iyakar faɗin tsuntsun, ya komo, ya koma, ya komo. Sannan ya ɗauki kore ya cika gefe. Kowane launi da ɗan ƙullinsa. Yana yi yana dannawa da matsefi, har zaren tsaye ya ɓace sarai. Daga ƙasa ake farawa a hau sama, kamar ginin katanga. Wanda ya taɓa gini ya sani: in tubalin ƙasa ya karkace, ba ya gyaruwa sai an rushe na bisa. Saƙar hoto ma haka take.

Sana'ar ta tsufa ƙwarai. A shekarar 1903 aka buɗe kabarin wani Fir'auna na ƙasar Masar mai suna Tutmos na 4. Cikin abin da aka tarar akwai guntayen ƙyalle masu wannan irin saƙa, an saƙa sunayen sarakuna a jikinsu. Shekarunsu sun kai 3,400. Daga baya Kibɗawa, wato Kiristocin Masar, suka gwanance da ita. Suna saƙa kifi da tsuntsu da reshen inabi a kafaɗar riga da bakin hannu. Busasshen rairayin Masar ya adana dubban waɗannan guntaye har yau. Da Musulunci ya shiga ƙasar wajen 640, masaƙa ba su aje aiki ba. Sarakunan Musulmi suka kafa gidajen saƙa nasu, inda ake saƙa sunan halifa da baƙaƙen Larabci a bakin tufafi. Ka ga rubutu ke nan da zare.

Yanzu mu ƙetare teku mu leƙa Turai, don can ne aka yi wa sana'ar wani sauyi wanda shi ne gindin labarinmu.

Sarakunan Turai na dā a manyan gidajen dutse suke zaune, ga sanyi mai shiga ƙashi. Sai su rataya saƙar gashin tumaki a bango. Tana tare sanyi, tana kuma nuna wa baƙo arzikin mai gida. In sarki zai yi tafiya, a naɗe ta a ɗora wa dabba. Wajen 1377 wani ƙanen sarkin Faransa ya sa aka fara masa wata a birnin Pari, aka ƙare wajen 1382. Labarin tashin duniya ne a jikinta, yadda yake cikin littafin Kirista. Tsawonta ya kai metir 140. Ka tashi ka yi manyan taki 140, ka waiwaya ka gani. Bayan shekara 400, zamanin juyin mulkin Faransa, aka raina ta, aka yanyanka, har aka lulluɓe dawaki da itatuwan lemo da wasu guntayen. Daga baya aka tattaro abin da ya saura, kamar metir 100, yana nan a garin Anje.

Abin lura shi ne wannan: wani ne ya zana hoton, wasu ne suka saƙa. Sunan mai zanen yana cikin takardun kuɗi na gidan sarauta, da sunan ɗan kasuwar da aka ba aikin. Yawancin waɗanda suka yi shekaru biyar suna dannar zare, babu wanda ya rubuta sunansu.

Abin ya ƙaru a 1515. Paparoma ya sa wani shahararren mai zane na Italiya, Rafayel, ya zana masa hotuna goma bisa manyan takardu. Aka aika takardun garin Burusel, a ƙasar da yau ake kira Beljik. Masaƙa suka yanka su, suka shimfiɗa ƙarƙashin zaren tsaye, suka bi layi. Aikin ya yi kyau, duniya ta yaba. Amma tun daga nan gwanintar masaƙi ta koma iya kwaikwayon fenti. A 1662, zamanin sarki Lui na 14, gomnatin Faransa ta kafa babban gidan saƙa a Pari mai suna Gobelan, wanda har yau yana aiki. A can masaƙi ɗaya yakan yi shekara guda bisa abin da bai wuce metir ɗaya tsawo, metir ɗaya faɗi ba. Masaƙan dā launi kaɗan ya ishe su. A Gobelan sai da aka kai ana lissafin launi fiye da 14,000, don kada zare ya bambanta da fenti ko ƙiris. Wasu saƙe-saƙen har da zaren zinariya da azurfa. Wannan ya jawo musu tsiya, don a 1797 gomnati ta rasa kuɗi, ta sa aka ƙone da yawa don a fid da ƙarfen.

Wannan hanya ta zo har Afirka ta Yamma. A 1966 shugaban Senegal, Sangor, ya buɗe gidan saƙar hoto a garin Ciyes, bayan an aika samari Faransa sun koyo. Masu zanen ƴan Senegal ne, hotunan na Afirka ne, aikin yana da kyau. Amma tsarin shi ne dai na Gobelan: mai zane ya zana, masaƙi ya bi.

To, a Masar wani mutum ya tambayi kansa: shin dole ne kai ya zama na wani, hannu na wani?

Sunansa Ramsis Wisa Wasif. An haife shi a Alƙahira a 1911, Bakibɗe ne, ubansa lauya ne kuma ɗan siyasa. Ya yi karatun tsara gine-gine a Pari, ya ƙare a 1935, ya komo gida yana koyarwa a babbar makaranta. Abin da ya dame shi, sana'o'in hannu na ƙasarsa suna mutuwa. Kayan inji sun cika kasuwa. Masu sana'ar da suka saura kuwa suna ta maimaita abin da suka gada, babu sabo. Kai ma ka ga irin wannan: yadin kanti ya shigo, kaɗi ya ragu, marina da yawa sun bushe.

Wajen 1941 aka ba shi aikin tsara wata ƙaramar lakkol a tsohuwar unguwar Alƙahira. Da aka gama, ya roƙi a bar shi ya koya wa wasu yara saƙa bayan an tashi daga aji. Shi kansa sai da ya zauna ya koyi saƙar da rini. Ya ba yaran ƙananan masaƙu da zare, bai ba su zane ba. Abin da suka saƙa ya ba shi mamaki. Ya riƙe abin a zuci.

A farkon shekarun 1950 shi da matarsa Sofi suka sayi ɗan fili a gefen wani ƙauye mai suna Harraniya, kusa da manyan dalar duwatsu na Fir'auna da ke Giza. Ƙauyen manoma ne, talakawa, ba a san su da saƙa ba. Wannan ma yana cikin abin da ya sa ya zaɓe shi. Ba su fara da aiki ba. Zuwa suke yi suna zama, yara suna taruwa, ana wasa ana hira, har aka saba. Sannan aka gina ɗaki ɗaya, aka kawo masaƙu. Yara goma sha wani abu suka fara, maza da mata, yawancinsu ba su taɓa shiga lakkol ba. Ka lura da wannan da kyau: bai yi musu jarrabawa ba. Bai ce a kawo masa mai basira ba. Wanda ya zo ya zauna, shi ne ɗalibi. Abin da yake son ya gwada ke nan, ko basira tana cikin kowane yaro, ko kuwa ta ƴan kaɗan ce.

Me ya sa saƙa, ba fensir da takarda ba? A ganinsa zane da fensir yana da sauri, yaro ya yi ƴan layuka ya tashi. Saƙa ba ta yarda da gaggawa. Kafin ka gama ƙafar jaki ka yi tunanin kansa sau goma. Hoton yana nuna a zuci kamar yadda hatsi ke nuna a gona.

Ya kafa doka ukku.

Ta fari: babu zane. Ba a zana hoton bisa takarda, ba a zana shi bisa zaren tsaye. Daga zuci zuwa yatsa. Ka tuna maganar katanga, ka ga nauyin wannan doka. Kuma in saƙar babba ce, abin da aka gama ana naɗe shi bisa itacen ƙasa, ido ba ya ƙara ganin sa. Masaƙiya tana iya yin wata da watanni tana saƙa kasuwar ƙauye, abin da ke gabanta ɗan yanki ne kawai, sauran duka a ka yake. Sai ran da aka yanke zare aka shimfiɗa, ran nan za ta ga aikinta gaba ɗaya.

Ta biyu: ba a nuna wa yaran aikin wasu don su kwaikwaya. Bai kai su gidan ajiyar kayan tarihi ba, alhali ga shi nan kusa cike da aikin kakanninsu. Inda yake kai su shi ne bakin kogin Nilu, da hamada, da gidan namun daji, da bakin teku a Iskandariya. Su duba da idonsu, su komo su saƙa.

Ta ukku: babba ba ya kushe aikin yaro, ba ya sa masa hannu. In yarinya ta saƙa saniya shuɗiya, ko zakara ya fi raƙumi girma, a bar ta.

Wannan doka ta ukku ita ta fi kama ni, don na ga gaskiyarta a ajin karatun manya. Dattijo ya riƙe alli ran farko, hannunsa na rawa, ya rubuta baƙi a karkace. In wani ya yi dariya, gobe tabarmarsa babu kowa. In aka yi shiru aka bar shi, bayan sati biyu shi da kansa zai goge ya gyara.

Ba wasa kawai ake yi ba. Tun daga saƙar fari ana biyan yaro kuɗin aikinsa. Wannan ya sa iyaye suka yarda, don yaron da ke gaban masaƙa ba ya gona, ba ya kiwo. Manomi ba ya sakin hannu guda a banza, kai ka fi ni sani.

Rini ma a wurin ake yin sa, kuma ba da garin kanti ba. Suka yi lambu. Ja daga saiwar wani tsiro yake fitowa, wanda sai ya yi shekaru a ƙasa kafin a tone. Rawaya daga wata ciyawa. Wani jan kuma daga wasu ƙananan ƙwari da ake busarwa a niƙa. Shuɗi kuwa, baba ne, irin wanda ka sani a marina. Masaƙan da kansu suke shiga aikin rinin gashin tumakin, don haka kowa ya san launinsa tun daga tukunya.

Saƙar farko ƙanana ne: kaza ɗaya, itace ɗaya, mutum tsaye kamar sanda. Shekara na tafiya, yara na girma, hotuna na faɗaɗa. Aka fara ganin garken shanu suna shan ruwa, bikin aure, girbin dabino, tsuntsaye ɗari cikin itace guda, kowane da inda ya juya kansa. Kuma aikin kowa ya fita dabam. Wanda ya saba da su, daga nesa zai ce wannan hannun wance ne, kamar yadda kake gane tuwon gidanku cikin akushi goma. A 1957 aka fara nuna aikin ga jama'a a Masar. A 1958 aka kai shi garin Bazel na ƙasar Suwis. Daga nan sai sauran biranen Turai. Mutanen da suka saba da Gobelan suka tsaya suna kallon aikin ɗiyan manoma, da wuya suka yarda babu wanda ya zana musu.

Da kuɗi suka fara shigowa, Ramsis ya koma ga sana'arsa ta gini. Tun da ya je kudancin Masar ya ga yadda mutanen Nuba ke rufe ɗaki da tubalin laka, a lanƙwasa shi kamar baka, babu itace ko ɗaya. Da wannan dabara aka gina ɗakunan saƙa, da wurin nuna kaya, da gidajen masaƙa, samarin wurin suna koyo suna yi. A 1983 ginin Harraniya ya samu babbar kyautar gini ta Aga Khan. In sunan kyautar ya yi maka kama da wanda ka taɓa ji, ba ka yi kuskure ba. Ita ce aka ba masallacin laka na Yama, a jihar Tawa, a 1986, aikin magini Falke Barmu.

Ramsis bai ga wannan kyauta ba, ya rasu a 1974. Sofi ta riƙe masaƙan farko. Ɗiyarsu Suzan tun 1972 ta tara sabbin yara ta fara da su daga tushe. Ƙanwarta Yowana ta kama sashen saƙar zaren auduga da rinin da ake yi da kaki. Yaran na biyu ma suka gwanance. Wannan ya rufe bakin masu cewa sa'a ce kawai aka yi da na farko.

Yanzu bari in faɗa maka inda ban bi shi duka ba.

Ana cewa babu hannun babba a aikin. Ni ban yarda sarai ba. Wa ya zaɓi launukan da ke cikin kwando? Wa ke zagayawa yana tambayar yaro, wannan mene ne, ba ni labarinsa? Yaro yana karanta fuskar babba fiye da yadda kake karanta wannan takarda. In fuskar Ramsis ta yi haske gaban wata saƙa, yaran sun gani. Ya koyar da su, sai dai bai riƙe musu hannu ba.

Na biyu, maganar lakkol. Ramsis yana ganin lakkol ta zamaninsa, mai hadda da kwafe da jarrabawa, tana kashe abin da yaro ya zo da shi. Ni da na yi makarantar horon malamai na san abin da yake nufi. Mushe ya zana mangwaro a allo, yara sittin su zana mangwaron mushe, alhali ga itacen mangwaro a bakin taga. Wannan laifin koyarwa ne. Amma kada wani ya ɗauki labarin nan ya ce to a bar yaro babu karatu. Wanda kayansa za su ƙetare teku yana bukatar ya iya karanta wasiƙa, ya iya lissafin abin da aka sayar da abin da ya shigo hannunsa.

Suna ya jawo wa Harraniya wata wahala. Da baƙi masu yawon buɗe ido suka fara zuwa da kuɗi, sai wasu suka buɗe shagunan saƙa a kewaye. Suna kwafe hotunan, suna sa zaren rinin kanti, suna yi da sauri, suna sayarwa da araha. Raƙumi ɗaya, dabino ɗaya, a maimaita su sau ɗari. Abin da Ramsis ya guje wa, shi ne ya tsiro a ƙofar gidansa. Birnin Alƙahira kuma ya yi ta faɗaɗa, gidajen siminti suka cinye gonaki da yawa na wajen. Yaran da suka fara a 1972 yanzu furfura ta kama su.

Gidan dai yana nan, da lambunsa da ɗakunansa na laka, da wurin da aka adana saƙe-saƙen tun daga na farko. In Allah ya kai ka Masar ka je, ka duba kusurwar saƙar daga ƙasa. Za ka ga ƴan baƙaƙen Larabci da aka saƙa da zare. In ka yi karatun allo za ka iya haɗa su. Sunan wanda ya saƙa ne, ko wadda ta saƙa.